Jinin Joyana da Jinin Ilinka

A gidan Mama Saveta ba wanda ya yarda Ilinka ba ta da lafiya. Ta yaya za a yarda? Matar da ke tashi tun zakara bai gama gyara murya ba, ta tatsi saniya, ta share tsakar gida, ta tuƙa tuwon masara, ta shanya wanki, sannan ta tsaya tana waige-waige tana neman wani aikin?

"Allah ya dube ni a ƙarshen rayuwata," in ji Saveta, tana ba maƙwabciyarta labari ta saman shinge. "Shekara ashirin surukata tana jan ƙafa, bana kuwa sai ka ce an sa mata inji. Ga ci! Kwano uku take tashi da shi, amma ko kumatu ba ta yi."

Ilinka tana ji, tana murmushi, don ba ta saba mayar da magana ba. Amma ita ta san abin da take ji a jikinta. Siket ɗinta sai da ta ƙara masa igiya. In ta ɗauki kofin shayi, ƙarar da yake yi a kan faranti har mijinta Toader sai ya ɗago kai. Zuciyarta kullum a guje take, ga wani zafi da ke taso mata daga ciki, ta buɗe taga, Saveta ta bi bayanta ta rufe.

Maganar taga kuwa ba wasa ba ce a garinmu. Kowa ya san iskar da ta shigo ta taga ta fice ta ƙofa ita ke kawo ciwon haƙori, ciwon kunne, sanƙarau da shanyewar ɓarin jiki. Saveta tana da sunayen mutum bakwai da iskar nan ta kai kabari, kuma ba ta gajiya da jero su.

Wata Alhamis a tsakiyar Agusta aka aiki Ilinka asibitin da ke gangare, ta karɓo wa Saveta maganin hawan jini. Dakta Pintiliye, wata gajeriyar mata mai tabarau, ta miƙa mata takarda, ta ga yadda takardar ke rawa a hannunta, sai ta ce, "Zauna tukuna." Ta taɓa mata wuya, ta riƙe tsintsiyar hannunta tana duban agogo, ta leƙa idanunta.

"Akwai wata 'yar tsoka a wuya, wadda ke kumbura ta zama maƙoƙo," in ji likita. "Ina kyautata zaton taki ce ta haukace tana aiki fiye da ƙima. Akwai magani, kuma yana yi. Amma ba zan rubuta miki ko ƙwaya ɗaya ba sai na ga jininki."

"Likita, ba za a iya farawa yau ba? Aiki ne ya yi mana yawa a gida."

"Ba za a iya ba. Na farko, sai jini ya tabbatar min ciwon ne. Na biyu, maganin nan a jikin wasu yakan cinye fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ke yaƙi da cuta, wasu kuma ya taɓa musu hanta. Dole in san yadda kike kafin ki fara, in san nawa zan ba ki, in zauna in gaya miki abin da za ki kiyaye. Ranar Talata nas ke ɗibar jini, kafin ƙarfe takwas, don motar da ke kai shi birni ba ta jira. Ki zo ba ki ci komai ba."

Daga ƙauyenmu zuwa asibitin kilomita goma sha biyu ne, bas kuma sai ƙarfe goma yake saukowa. Ke nan sai dai motar Toader.

Da ta kawo takardar gwajin jinin gida, Toader ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Ai ba komai, Talata kamar gobe ce."

Saveta ta taɓe baki. "Jini! Mutum yana ramewa, maimakon a ƙara masa, sai a ɗebe ɗan wanda ya rage. Likitocin zamani ke nan."

Talatar farko ta zo da rana tas, ba ko gajimare. Ilinka ta yi wanka, ta sa rigarta mai fure, ta ƙi ko kurɓar ruwa. Ta fito ta tarar da Toader yana wasa lauje.

"Ilinka, ke ma dubi sama," ya ce. "Rediyo ya ce jibi ruwa. In ciyawar nan ta jiƙe, me Joyana za ta ci da sanyi? Jinin naki yana nan a jikinki, ba inda zai je."

Joyana ita ce saniyar gidan, ja mai farin goshi, sunan kuwa a yarenmu na wadda aka haifa ran Alhamis ne. Ba a wasa da Joyana. Tana da lamba rawaya a kowane kunne, tana da katin lafiya, takardunta kuma suna cikin wata jakar leda a bayan hoton Maryamu da ke bangon ɗaki, inda ko takardar auren Toader ba ta samu shiga ba.

Ilinka ta cire rigar fure, ta ɗauki manjagara. Ta yi kwasar ciyawa har yamma, ta ninka kowa aiki, Saveta tana zaune a inuwa tana sa mata albarka.

Talata ta biyu ta faɗo daidai ranar tunawa da yanke kan Yahaya Mai Baftisma, ranar da ba a taɓa wuƙa, ba a cin kankana ko tumatir ko wani abu ja. Toader har ya ɗauko makullin mota, uwarsa ta tare ƙofa da jikinta.

"Yau? Yau za ku je a zubar da jini? Burodi ma da hannu nake gutsurawa, kai kuma ka ɗauki matarka ka kai a soka mata ƙarfe? Sai dai ku taka gawata."

"Mama, 'yar allura ce fa," in ji Ilinka a hankali.

"Shi ma wancan da 'yar wuƙa aka fara."

Toader ya mayar da makulli aljihu, fuskarsa har da ɗan sauƙi. Shi dai mutum ne da ba ya son hayaniya, musamman wadda za ta sa shi tuƙi da safe.

Talata ta uku ranar zakuska ce, wato miyar gasasshen tattasai da yalo da ake ɗurawa a kwalabe don lokacin sanyi. Buhun tattasai biyu da na yalo ɗaya suna jiran gashi, ga albasa, ga kwalabe sun kai tamanin an wanke an kife. Wannan karon ba wanda ma ya tsaya kawo uzuri. Teburin da aka fito da shi tsakar gida yana ɗingishi, Saveta ta duba nan ta duba can, ta zaro wata takarda daga ƙarƙashin gwangwanin sukari, ta ninke ta huɗu, ta cusa a ƙarƙashin ƙafar teburin. Ilinka ta ga takardar, ta gane ta gwajin jininta ce.

Ranar ce ta yanke jiki ta faɗi a gaban murhu, wuƙa a hannu. Da ta farfaɗo, Toader yana mata fifita da murfin tukunya, Saveta kuma tana tsaye a kanta da wani ƙaramin kwali.

"Kin gani? Allah ba ya barci," in ji Saveta. "Ƙanwata Aglaya, Allah ya ji ƙanta, irin ciwon nan naki ta yi sak. Ga ragowar maganinta, kwali uku, ko buɗe biyu ba a yi ba. Hannuna da kaina na ɗauko su ranar da aka raba kayanta, na san wata rana za su yi amfani."

"Mama, likita ta ce sai an ga jini tukuna."

"Aglaya an ga nata, ai ya isa. Ciwo ɗaya, magani ɗaya, gida ɗaya. Biyu da safe, biyu da yamma, haka take sha."

"Ba jininmu ɗaya da ita ba, Mama."

"Au! Shekara ashirin kina cin tuwon gidan nan, yau kike gaya min ba jininmu ɗaya ba? Toader, ka ji matarka?"

Toader ya ce, "Sha mana, Ilinka, a zauna lafiya. Da an gama aikin kaka zan kai ki, na rantse."

Ta sha. Ba don ta yarda ba, sai don ta gaji, kuma tana tsoron zuciyar nan da ba ta hutawa.

Abin haushi, maganin ya yi aiki. Bayan sati uku kofi ya daina kuka a kan faranti. Ta fara barci, har wata rana zakara ya riga ta tashi. Saveta ta zaga ƙauye tana shelar cewa ta warkar da surukarta ba tare da an ɗiga jini ko ɗaya ba. A gida kuwa wata waƙar take yi.

"Maganin nan ya sa ki kasala," take cewa. "Da can kafin in tashi kin gama komai. Anya ba za a rage shi ba?"

A tsakiyar Oktoba, wata Lahadi, Ilinka ta tashi maƙogwaronta kamar ta haɗiyi ƙaya. Kafin azahar zazzaɓi ya rufe ta, haƙoranta suna haɗuwa. Saveta ta shigo ɗakin, idonta bai sauka ko'ina ba sai kan taga, wadda aka bari a ɗan buɗe, faɗin yatsa biyu.

"Na faɗa! Ban faɗa ba? Iska ta buge ta! Toader, zo ka ga aikin matarka!"

Nan take aka shiga jinya, kuma in gaskiya za a faɗa, Saveta ba ta yi ƙyuya ba. Aka jiƙa safa da ruwan tsami aka sa mata a ƙafa. Aka yanyanka ɗanyen dankali aka ɗaura mata a wuya da ɗankwali. Aka dafa giyar gida da masoro aka ɗura mata. Aka toshe gefen taga da tsumma. Ƙwayoyin Aglaya kuwa ba a fasa ba, biyu da safe, biyu da yamma, don Saveta ta ce ba a barin magani a tsakiya.

Litinin bakin Ilinka ya fashe da gyambo, ko miyau ba ta iya haɗiyewa.

"Toader," ta ce da ƙyar, "gobe Talata. Don Allah ka kai ni."

Ya sosa ƙeya. "Gobe fa likitar dabbobi za ta zo ɗibar jinin Joyana. Kin san in ba a yi ba, motar madara ba za ta ƙara karɓar namu ba. Sau ɗaya take zuwa. Ke kuma Talata ai ba ta ƙarewa."

Ilinka ta juya fuskarta bango. Ba ta yi kuka ba, don ko ruwan hawayen ba ta da shi, amma ranar ta ji zafin maganar ya fi na maƙogwaron.

Da safe gidan ya tashi kamar za a yi baƙon biki. Toader ya goge Joyana da buroshi har tana sheƙi. Saveta ta sa baƙin ɗankwalinta na coci, ta sauko da jakar leda daga bayan hoton Maryamu, ta hure ƙurar. Ƙarfe bakwai da rabi wata farar mota ta tsaya, Dakta Marinela likitar dabbobi ta fito, doguwa, da takalmin roba har gwiwa da akwatin sanyi a hannu.

Sai dai Joyana ta ce ba ta san zancen ba. Toader ya kama igiya, ta watsar da shi. Ya sake kamawa, ta taka masa ƙafa, ya yi ihu. Saveta ta matso da gishiri a tafin hannu tana lallashi, saniya ta juya mata baya.

"Wa ke tatsarta?" in ji Marinela.

"Matata, amma tana ɗan mura."

"To ko dai a kira ta, ko in wuce gida na gaba."

Haka aka taso Ilinka, da safa mai tsami da dankali a wuya, Toader yana riƙe da ita. Ta rungumi kan Joyana, ta jingina goshinta da na saniyar, don in ba haka ba faɗuwa za ta yi. Joyana ta tsaya cak. Marinela ta ɗaga wutsiya, ta soka allura, ta cika 'yar kwalba, ta rubuta lamba. Ko minti biyu ba a yi ba.

Da ta zagayo gaba za ta duba lambar kunne, hannunta ya gogi na Ilinka. Ta tsaya. Ta cire safar hannu ta dafa mata goshi.

"Wannan ce murar? Baiwar Allah, buɗe bakinki." Ta leƙa, fuskarta ta canja. "Wane magani kike sha?"

Saveta ta yi caraf ta ɗauko kwalin, tana alfahari. "Na ƙanwata ne. Ni na warkar da ita."

Marinela ta karanta. "Wa ya duba jininta kafin ta fara?"

Toader ya sa ido a kan ƙafarsa da aka taka.

"Kun san nakan ba tsofaffin kyanwoyi irin wannan maganin?" in ji ta. "Kyanwa! Kuma ko kyanwar ba na fara mata sai na ɗebi jininta. Mai shan wannan in ya yi zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, tsayar da maganin ake yi nan take a ruga asibiti. Kwana nawa ke nan?"

"Iska ce, Likita," in ji Saveta. "Taga ta bari a buɗe."

"Mama, da girmanki, matsa min daga hanya."

A motar likitar dabbobi Ilinka ta tafi birni, kwance a kujerar baya, akwatin sanyi a wajen ƙafarta. Jinin Joyana da jinin Ilinka suka kama hanya tare, na saniyar a kwalba da lamba da kwanan wata.

A babban asibiti aka ce fararen ƙwayoyin jininta sun kusa ƙarewa ƙaf. Aka sa ta a ɗaki ita kaɗai, ba mai shiga sai da takunkumi. Likitan da ya karɓe ta ya fito wajen Toader, wanda ya biyo su a baya.

"Ina sakamakon gwajin da aka yi mata kafin ta fara magani? Ina so in ga daga inda ta taso."

Toader ya lalubi aljihu, ya zaro abin da ke ciki ya miƙa. Likitan ya buɗe jakar leda, ya karanta, ya ɗago tabarau.

"Wannan na saniya ne."

"Eh, ranka ya daɗe. Cikakke ne, ba shekarar da muka tsallake."

Kwana goma sha tara Ilinka ta yi. Kwana huɗun farko ba wanda ya iya cewa za ta tashi. Da za a sallame ta, likitan ya gaya mata a fili cewa irin wannan magani ta rabu da shi ke nan har abada, jikinta ba zai ƙara ɗauka ba. Ba zai rantse cewa gwajin farko kaɗai zai hana abin faruwa ba, amma da ta hannun likita ta fara, ba za a ba ta awon Aglaya ba, kuma da ranar Lahadin nan za ta zo, ba Talata ba. Yanzu abin da ya rage shi ne a yi mata aiki a wuya. Kafin nan kuma sai gwajin jini, Talata mai zuwa.

Ta dawo gida ta tarar an shigo da teburin nan ɗaki, an jera masa miya da tuwon masara da kwalbar zakuska. Saveta ta rungume ta tana kuka na gaske, tana cewa Joyana ta ƙi ba kowa nono yadda ya kamata. Aka zauna. Ilinka ta ajiye sabuwar takardarta a gaban Toader.

Ya karanta, ya yi gyaran murya. "Talata... Talata kuwa muna son mu kwaso itace kafin ƙanƙara ta..."

Ilinka ta ture kujerarta baya. Ta sunkuya ta zare ninkakkiyar takardar da ke ƙarƙashin ƙafar tebur, wadda aka shigo da ita tare da shi. Tebur ya karkata, miya ta zubo wa Toader a cinya, ya yi tsalle. Ta warware takardar, ta shafe ta da tafin hannu, ta haɗa da sabuwar. Ta tashi a hankali ta sauko da jakar leda daga bayan hoton Maryamu, ta zura su biyun a saman na Joyana.

"Ke, lafiya?" in ji Saveta. "Wannan jakar dabba ce!"

"Na sani, Mama. Daga yau a rubuta ni a cikin dabbobin gidan nan. Toader, in ka je gari ka sayo min lamba rawaya guda biyu, kunnena a huje yake. Ba na neman a ɗauke ni kamar 'ya, ko kamar mata. Na ga yadda ake kula da Joyana, wannan ya ishe ni."

Ta wuce ta buɗe taga gaba ɗaya, ta koma ta zauna ta ja kwanonta.

Ranar Talata ƙarfe shida da rabi Toader ya tayar da mota, kuma ba wanda ya tuna masa. Yau Ilinka tana nan da tabo a wuya, wanda ba sai ta yi shi ba da an ba ta safiya ɗaya tak a watan Agusta. Safiya ɗaya, da man mota na kilomita goma sha biyu! Ba wanda ya taɓa dukanta a gidan nan, ba wanda ya zage ta, kowa ma cewa yake yana son ta, kuma a haka suka kusa binne ta.

In ka bi ta ƙofar gidan ka tambayi Mama Saveta abin da ya kwantar da surukarta a bara, za ta kama hannunka ta ja ka har ɗaki, ta nuna maka tagar.